Na Mayar Da Motar Haya, Bashinta Ya Biyo Ni Har Ƙofar Gida

Assalamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, ina aiki a wani babban sito inda ake tara kaya ana lodi a manyan motoci. Na shigo ƙasar nan da bizar ƙuri'a wadda ake kira DV. Abin da ya same ni a kan hayar mota ne, irin wadda ake miƙa maka makulli ka tuƙa da kanka. Ina so 'yan'uwa da ke nan da masu shirin zuwa su ji, domin na lura yawancinmu mun ɗauka da zarar ka mayar da mota ka ajiye makulli, magana ta mutu. Ni kam a wurina sai bayan wata da watanni ta farfaɗo, kuma ta farfaɗo ne a daidai lokacin da nake neman inda zan sauke iyalina.

A gidan 'yan kasuwa na tashi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, atamfa da shadda yake sarowa daga Kantin Kwari a Kano, ya biyo da su ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Sau da yawa ba ya biyan ko rabin kuɗin kaya. Maigidansa na Kano zai ce, "Alhaji, tafi da su, in ka sayar ka kawo." Babu takarda, babu sa hannu. An san shi, an san mahaifinsa, an san bai taɓa kwana da haƙƙin wani ba. Da wannan sunan ya ci abinci, da shi ya aurar da mu. A Amurka ma da suna ake cin abinci, amma sunan lamba ce, kuma waɗanda suke rubuta ta ba su taɓa ganin fuskarka ba.

Lambar ita ce makin kiredit, wato awon yadda mutum yake biyan bashi. Wanda aka fi aiki da shi na kamfanin FICO ne, ya fito tun 1989, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Ƙasa da 580 ana ɗaukar mutum a matsayin wanda ba abin yarda ba ne, daga 670 an fara sakin jiki da kai, wanda ya haura 740 kuwa ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi. Kamfanoni uku ne suke riƙe da kundin kowa: Equifax da Experian da TransUnion. Bankuna da masu ba da bashi ne suke kai musu rahoto duk wata, daga nan ake lissafa makin. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin 100, yawan abin da ake bin ka kashi 30, daɗewar tarihinka kashi 15, sabon bashin da ka nema kashi 10, ire-iren basussukan da kake da su kashi 10. Da a ce mai neman rance kaɗai abin ya shafa, da da sauƙi. To mai gidan haya yana dubawa kafin ya ba ka ɗaki. Kamfanin waya yana dubawa. A Ohayo da yawancin jihohi, masu inshorar mota ma suna la'akari da tarihin bashinka wajen yanka maka kuɗi.

Da na iso, wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a nan, wanda dukanmu muke ce wa Kawu, shi ya karɓe ni. Shi ya fara gaya mini cewa wanda ba shi da bashi a ƙasar nan ba a yi masa kallon mai gaskiya, kallon wanda ba a sani ba ake yi masa. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, domin katin bashi da riba ake saninsa. Na je wurin limaminmu na tambaya. Ya yi mini bayani cewa malamai sun saɓa: akwai waɗanda suka hana tun daga sa hannu, saboda sharaɗin ruwa yana cikin yarjejeniyar, akwai kuma waɗanda suka yi rangwame ga mai larura matuƙar zai biya duk abin da ya kashe kafin wa'adi, ta yadda ko sisin ruwa ba zai hau kansa ba. Na bi ra'ayi na biyu da zuciya mai ɗar-ɗar. Na buɗe ƙaramin kati irin wanda kai ne za ka ajiye musu kuɗinka jingina, dala 300, su ba ka katin dala 300. Mai nake sha da shi kawai, in biya tas kafin ƙarshen wata. A hankali makina ya fito, ya yi ta hawa har ya ɗan haura 700. Ban taɓa makara ba ko sau ɗaya.

Ana nan sai aka yi wa wani aminina haihuwa a unguwar Bironks ta birnin Niyok, ya ce lallai in zo suna. Motata tsohuwa ce, cikin gari kawai take iyawa, ba za ta kai wannan nisa ba, tafiyar da ta haura mil 500. Kawu da wasu mutum biyu suka ce za su bi ni. Sai muka yanke shawarar ɗaukar haya, a raba kuɗin, amma da sunana, tunda ni ne matuƙi.

A kantar kamfanin haya, ma'aikaciyar ta nemi lasina da kati. Katin bashina ba zai ɗauka ba, domin ban da kuɗin hayar akwai wani kuɗi da suke riƙewa na ko-ta-kwana, jimillar ta fi ƙarfin dala 300 nesa ba kusa ba. Sai na miƙa katin asusuna na banki, wanda albashina yake shiga. Ta ce ba matsala, amma sai na kawo shaidar inda nake zaune, sannan za su duba kiredit ɗina. Ta juyo mini allo na sa hannu.

A nan ne tabo na farko ya shiga, kuma ya kamata in yi bayaninsa sosai. Mai katin bashi babba, yawanci ba a bincikensa in ya zo ɗaukar mota, domin banki ya riga ya tsaya masa. Abin da ake yi kawai a riƙe wani kaso na katin har ya dawo da mota, kuma wannan riƙon ba ya shiga kundinsa. Mai katin asusu kuwa ba wanda ya tsaya masa, saboda haka wasu kamfanonin suke leƙa kundinsa. Leƙen iri biyu ne. Akwai mara nauyi, wanda ba ya taɓa maki, kamar lokacin da kai da kanka ka duba. Akwai kuma mai nauyi, wanda ake rubutawa kamar ka nemi sabon bashi. Shi wannan yana zama a kundi shekara 2, FICO kuma yana lissafi da shi na tsawon wata 12. Kamfanin FICO ya ce ga yawancin mutane bincike ɗaya ba ya cin maki 5. Gaskiya ne, amma yawancin mutanen da suke nufi masu dogon tarihi ne. Wanda kundinsa kati ɗaya ne tal, abin ya fi yi masa ciwo. Kuma ga mai neman bashin gida ko na sayen mota, in ya zagaya wurare da yawa cikin ɗan lokaci ana haɗa binciken a ɗauke shi ɗaya, amma babu wannan rangwamen ga mai hayar mota. In ka je kanta uku da katin asusu kowace ta bincike ka, tabo uku ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: mutumin da yake gudun bashi, yake biya da guminsa da ke ajiye a banki, shi ake bincike. Kuma ko mota ɗari ka ɗauka ka mayar lafiya ka biya, ba wanda zai kai rahoton alherinka. Hayar mota ba bashi ba ce a wurinsu, don haka ba ta ƙara maka ko maki ɗaya. Hanyar hawa babu, ta sauka ce kawai a buɗe.

Ta kuma yi mini tayin wani ƙarin kuɗi na kullum, wanda in ka biya kamfani zai yafe maka ɓarnar da ta samu motar. Ya kusa ninka kuɗin hayar. Kawu ya ce, "Ɗana, ai kana da inshorarka." Ina da ita, amma irin mafi ƙanƙanta ce da doka ta wajabta, wadda take biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta motar da kake ciki ba. Yawancinmu irinta muke da ita. Wasu manyan katunan bashi suna da kariya ga motar haya in da su ka biya, amma katin asusu irin nawa ba shi da ita. Muka bar tayin, aka nuna mana mota a layi, muka yi bismillah muka hau hanya.

Tafiya ta yi kyau, alhamdulillahi. Muka bi babbar hanyar Fensilbeniya mai tolget, muka tsallaka gadar Joj Washinton muka shiga Niyok. Ko'ina ba mu ga mai karɓar kuɗi ba. Hanyar Fensilbeniya ta daina karɓar tsabar kuɗi tun 2020, gadar kuma a 2022. Kyamara ce take ɗaukar lambar mota, wanda ba shi da na'urar biyan kuɗin hanya ta E-ZPass sai a aika wa mai motar takardar biya. Mai motar kuwa kamfanin haya ne. Shi zai biya, sannan ya juyo kanka da kuɗin, ya ɗora nasa ladan aiki a sama. Haka abin yake ga tarar gudu ko ta tsallake danja da kyamara ta kama, da tarar fakin. Duk waɗannan ba sa fitowa ranar da ka mayar da mota. Sai bayan makonni.

An yi suna lafiya, an ci an sha, mun ga 'yan'uwa na Nijar da Najeriya da mutanen zangon Kumasi da Akara da suka cika wannan unguwa. Muka juyo, muka iso Kolombus da tsakar dare, ofis a rufe. Na cika tanki, na ajiye mota a inda aka tanada, na jefa makulli a akwatin da ke jikin ƙofa. Washegari rasit ya shigo imel ɗina, an cire kuɗin haya, bayan 'yan kwanaki bankina ya sako abin da aka riƙe. Kowa ya ba ni kasonsa.

Bayan haka abubuwa biyu suka faru, kowanne na yau da kullum. Na ƙaura zuwa wani ɗaki kusa da wurin aiki. Bankina kuma ya soke katina ya aiko sabo mai wata lamba, saboda sun ga an yi yunƙurin sata da tsohon. Gidan da na baro kuwa irin gidajen nan ne na samari baƙi, masu shiga da fita ba iyaka, sunayenmu kuma masu kama da juna, wasiƙu suna taruwa a kan teburin falo har a kwashe a zubar.

A lokacin hankalina duk yana kan takardun matata da ɗiyarmu, waɗanda na daɗe ina bi. Da Allah Ya sa aka ba su biza, farin cikin da na yi ba ya faɗuwa. Na fara neman gida mai ɗaki biyu. Na samu wani mai kyau kusa da masallaci da makaranta, na cika takarda, na biya kuɗin bincike, zuciyata sakayau, domin na san ban ci haƙƙin kowa ba. Sai ga amsa: ba za su ba ni ba, saboda abin da suka gani a kundina. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai gida ya sanar da kai in rahoton kiredit ne ya sa ya ƙi ka, ya kuma faɗi kamfanin da ya ba shi rahoton, kai kuma kana da kwana 60 ka karɓi kwafinsa kyauta. Ban jira ba. A daren na shiga AnnualCreditReport.com, inda ake karɓar rahoton kamfanonin uku ba tare da biyan komai ba, yanzu ma har duk mako ana iya dubawa.

Na ga sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba, kamfanin karɓo bashi, yana bi na sama da dala 1,000 a madadin kamfanin hayar mota. Makina ya faɗo ƙasa da 600.

Wallahi ban runtsa ba a daren nan. Ba kuɗin ne suka hana ni barci ba. An rubuta ni a matsayin wanda ya ci bashi ya gudu, kuma duk wanda ya buɗe kundina abin da zai fara gani ke nan. Na tuna mahaifina da yadda yake cewa mutum ya rasa komai amma kada ya rasa sunansa. Na tuna matata ta riga ta yi sallama da dangi, ta sayar da kayan ɗakinta. Me zan ce mata? In ce an hana ni gida saboda an ce ni maci amana ne?

Da asuba na samu Kawu a masallaci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kada ka kira su ka biya don tsoro. Ka fara sanin kuɗin mene ne." Wannan shawara ita ta cece ni, kuma daga baya na fahimci dalilinta. Bashin da ya kai hannun masu karɓo bashi yana iya zama a kundi shekara 7 daga ranar da aka fara makara wajen biyansa, ko ka biya ko ba ka biya ba. In ka biya, rubutun kawai ake canzawa a ce an biya. Sababbin ma'aunai, irin su FICO 9 da VantageScore 3.0 da 4.0, ba sa lissafi da wanda aka biya. Amma FICO 8, wanda har yanzu ake yawan aiki da shi, yana lissafi da shi, sai dai in asalin kuɗin bai kai dala 100 ba. Tsofaffin ma'aunan da masu ba da bashin gida suka daɗe suna amfani da su ma suna ƙirga shi. Saboda haka biya kaɗai ba ya wanke mutum. Abin nema shi ne a goge, in har ba gaskiya ba ne.

Wata 'yar'uwa Bahaushiyar Gana da ta yi karatu a nan, take taimaka wa mutanenmu da cike takardu fisabilillahi, ita ta zauna da ni muka rubuta wasiƙu. Ta bayyana mini dokoki biyu da suke kare talaka a wannan fage. Ta 1977 ta shafi masu karɓo bashi: dole su aiko maka da bayanin bashin, kana da kwana 30 ka ce ba ka yarda ba, su kuma su dakata har sai sun kawo hujja. Nawa kwana 30 ɗin sun wuce tuntuni a kan teburin tsohon gida. Na ce mata, "Hajiya, to ai ban ga wasiƙar ba." Ta ce, "Malam, doka ta ce su aika, su jira su ga ko za ta dawo. Ba ta ce sai ka karanta ba." Amma ta 1970, wadda ta shafi kundin kansa, ba ta da irin wannan wa'adi. Kowane lokaci kana iya ƙalubalantar abin da aka rubuta a kanka, kuma dole kamfanonin uku su bincika, galibi cikin kwana 30. Abin da aka kasa tabbatarwa dole a cire shi.

Muka aika wa kamfanonin uku, muka aika wa masu karɓo bashin, muka kuma aika wa sashen da'awar ɓarna na kamfanin hayar, duk ta wasiƙar rajista mai dawo da shaidar an karɓa. Hajiya ta hana ni yin magana da su ta waya, ta ce abin da ba a rubuta ba iska ce. A wasiƙar kamfanin hayar muka nemi abubuwa takamaimai: hotunan ɓarnar da ranar da aka ɗauke su, takardar duba motar kafin a ba ni, takardar duba ta bayan na mayar, lissafin gareji, da jerin kowane kuɗi dalla-dalla.

Da amsar ta zo sai na ga bashin kashi biyu ne. Ƙaramin kason kuɗin tolget ne da ladan aikin kamfani. Wannan nawa ne, na bi hanyar, na tsallaka gadar. Sun nemi cirewa daga tsohon katina bai yiwu ba. Babban kason kuwa na ɓarna ne: wai bambar baya ta lotsa, fenti ya kwarzane. Kuma ba kuɗin gyara kaɗai ba. Akwai kuɗin kwanakin da mota ta yi a gareji ba ta aiki, akwai kuɗin raguwar darajarta, akwai kuɗin bin takardu. Duk suna cikin yarjejeniyar da ake sa wa hannu a allo, cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa alhali mutane suna layi a bayansa.

Na san ban bugi komai ba, mutum uku shaida ne. Amma shaidar baki ba ta da kasuwa a nan. Yarjejeniyar ma ta ce in ka ajiye mota bayan an tashi aiki, tana wuyanka har sai ma'aikaci ya karɓe ta da safe. Na yi ta jujjuya takardun nan ina addu'a. Hajiya ce ta ce in nemo rasit ɗin da ya shigo imel washegarin dawowarmu. Muka ajiye shi kusa da takardar ɓarnar. A rasit an rubuta awon tafiyar motar lokacin da aka karɓe ta daga hannuna. A takardar ɓarnar ma an rubuta awon tafiya lokacin da aka ga lotsawar. Lambobin ba ɗaya ba ne. Na takardar ɓarna ya fi nawa da mil ɗaruruwa, ranar ma ta yi gaba. Ma'ana, motar ta sake fita da wani bayan ni, kafin a lura da ɓarnar, sai aka dawo da ita kaina.

Na yi sujada a ɗakin nan.

Muka rubuta wasiƙa ta biyu, gajera, muka haɗa takardun biyu muka ja layi ƙarƙashin lambobin. Da shiru ya yi yawa, muka kai ƙorafi ta intanet ga hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, wadda aka kafa da dokar 2010. Daga baya kamfanin hayar ya aiko da takarda cewa ya janye da'awar ɓarnar, ya kuma karɓo fayil ɗin daga hannun masu karɓo bashi. Kuɗin tolget na biya su kai tsaye ga kamfanin, har da ladan aikin da suka ɗora, ko da yake ya yi mini yawa. Wasu abokai sun ce in ƙi biya tunda sun wahalar da ni. Ban yarda ba. Zaluncin da aka yi mini a wani kaso bai halatta mini ɗayan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta shi, a kafa shaidu. Na daɗe ina karanta ta, amma sai a wannan lamari na ga yadda rubutu yake kare wanda ake bi kamar yadda yake kare mai bi.

Duk wannan ya ci watanni, jirgi kuma bai jira ba. Matata da ɗiyarmu suka sauka babu gida. Kawu da maiɗakinsa suka ba mu ɗakin ƙasa na gidansu, Allah Ya saka musu da Aljanna. Lokacin sanyi ne, yarinya ta yi ta mura, matata ba ta taɓa ce mini uffan ba, amma ina ganin damuwar a fuskarta. Da na je sabunta inshorar motata a tsakanin nan, kuɗin ma ya ƙaru. Wani mai gida ya yarda ya ba ni, amma da sharaɗin in ninka kuɗin ajiya, ni kuma ba ni da su bayan kuɗin jirgi. Sai da aka goge rubutun daga kundi ukun, ɗaya bayan ɗaya, makina ya koma kusa da inda yake, sannan muka samu namu wurin. Wancan gidan na kusa da masallaci kuwa an daɗe da ba wani.

Tun daga nan nake tambayar mutanenmu, kuma na gano ba ni kaɗai ba ne. Wani ya biya haya da katin bashi mai iyakar dala 500, kuɗin suka cinye kusan duka. Ya biya a kan lokaci, amma banki ya riga ya kai rahoto a ranar rufe lissafin wata, aka ga katinsa a cike, makinsa ya sauka. Wannan mai sauƙi ne, yana dawowa da zarar katin ya sauka, kuma maganinsa a biya kafin ranar rufe lissafi, ba a jira ranar wa'adi ba. Masana suna cewa kada a bari abin da ke kan kati ya wuce kashi 30 cikin 100. Wani kuma tarar kyamara aka ɗora a katin da ya daina dubawa, ta kwana sama da kwana 30 ba a biya ba, aka rubuta masa makara, ita ma shekara 7 take yi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da muke yi don zumunci. Ɗan'uwa ba shi da kati, ko bai kai shekara 25 ba ana cajinsa ƙari, sai ya ce ka ɗauko masa mota da sunanka. Kunya ta hana ka ƙi. In ba a rubuta shi a yarjejeniyar a matsayin matuƙi ba, duk wata kariya da ka saya tana iya rushewa, kuma duk abin da ya faru kai za a bi. Na san gidaje biyu da ba sa ga maciji yau saboda wannan. Ra'ayina shi ne, in za ka taimaka, ku je tare a sa sunansa, ko ka ba shi gudummawar kuɗi. Wannan ba rowa ba ce. Haka su ma samarinmu da suke ɗaukar mota ta mako-mako don aikin Uber ko kai saƙo, in aiki ya yi ƙasa suka kasa biya, hanyar da bashin yake bi ke nan.

Har yanzu ina ɗaukar haya in tafiya ta kama. Kafin in miƙa kati ina tambaya ko za a duba kundina, kuma wane irin dubawa. Ba na motsa mota sai na zagaya ta da waya ina ɗaukar bidiyo, har rufi da tayoyi da gilashi da ƙasan bamba, da awon tafiya da na mai, in na ga ko ɗan kwarzane ne sai ma'aikaci ya rubuta. Ina mayarwa da rana, in tsaya a duba a gabana a ba ni rasit a hannu. Na sayi E-ZPass tawa. Bayan kowace tafiya ina leƙa asusuna da imel na tsawon watanni, in na ƙaura ko katina ya canza ina sanar da su a rubuce.

A bana muka fara maganar mallakar gida ta hanyar ɗaya daga kamfanonin da suke ba Musulmi gida bisa tsarin haɗin gwiwa, ba tare da kuɗin ruwa ba. Su ma sun duba makina kamar kowane banki. A wani tsohon rahoto da ke cikin takarduna jami'in ya ga sunan kamfanin karɓo bashin, ya nemi bayani a rubuce. Na kai masa takardar janyewar da rasit ɗin biyan tolget, ya haɗa su a fayil, ya ce a ci gaba da sauran matakai. Yanzu muna tara kuɗin somin-taɓi, muna roƙon 'yan'uwa su sa mu a addu'a.